Farin Garin da ke Gindin Kwalba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, da shago, da Gwaggo da mutanen gidanta. Na iso lafiya. Na san da a waya ne da yanzu kana ta ce mini "to, to" alhali ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenka ba, shi ya sa na sayi takardu da ambulan. Direban da ya kawo ni ya ce duk mako zai riƙa miƙa maka har ƙofar shago, ya kuma karɓo mini amsa. Don Allah ka riƙa ba shi amsar, ko layi biyu ne.

Ɗakin da na kama a can saman bene yake. Gadon ƙarfe ne, da tebur mai ƙafa ɗaya gajera, na cusa mata kwali. Taga ɗaya ce, kuma bangon gidan maƙwabta take kallo, idan na miƙa hannu ina taɓa shi. Agogon da ka ba ni na rataye shi a ƙusar da na tarar a bango. Shi kaɗai ke magana a ɗakin.

Jiya na taka da ƙafa har ƙofar ma'aikatar ruwan don in san hanya, kada in ɓata ranar farko. Na goge farar rigar aiki, na sake gogewa. Na kwashe yini ina bitar littattafan kwaleji har kaina ya yi nauyi. A ɗakin gwaji za a sa ni, inda ake duba ruwan famfon da mutanen gari ke sha. Shugabar wurin mace ce, kowa Madam yake ce mata. Idan dogon hutu ya ƙare ita za ta sa hannu cewa na yi horon aikin nan yadda ya kamata. Idan ta ƙi, sai na maimaita shekara, ba wani roƙo.

Baba, tsoro nake ji. Ban taɓa kwana a garin da ba kowa ya san sunana ba. Kuma ina ta tunanin wa zai riƙa tsaya maka a shago yana maimaita maka abin da masu agogo suka ce. Ka riƙa cin abinci kafin ka buɗe shago, ba sai rana ta take ba.

Ka huta lafiya.
'Yarka

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta. Mun gode Allah da kika sauka lafiya. Ni ƙalau nake, shago ma ƙalau. Kada ki sa damuwata a ranki.

Game da tsoro, ga abin da na sani. Maigidana da ya koya mini gyaran agogo bai taɓa zaunar da ni ya yi mini bayani ba. Kujera ya ajiye mini a gefensa, na zauna shekara da shekaru ina kallon yatsunsa. Ranar da ya miƙo mini agogo, hannuna ya riga ya san hanya. Waɗanda muka fara tare, masu yawan "me ya sa", duk sun watse, ni na gaji teburin.

Saboda haka ki riga kowa zuwa. Ki nemi wanda ya fi iya aikin, ki tsaya inda za ki ga hannunsa. Kada ki dami manya da tambaya, mai yawan tambaya yana nuna bai kalla ba ne. Idan an yi miki magana ki ce to. Abin da kika ga ya yi datti ki wanke, ba sai an ce miki ba.

Agogon nan ki riƙa murɗa masa makulli kowace safiya, amma kada ki murɗa har ƙarshe.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Na riƙe maganarka kamar yadda ka faɗa, kuma ina ganin tana yi mini amfani.

Wanda ya fi kowa iya aiki a nan wani mutum ne da ake kira Dogo. Shi ma kamar kai, sai ya yini bai ce uffan ba. Na bi shi zagayen ɗebo ruwa sau da yawa. Kwalabe ne masu farin murfi. Yana buɗe famfo ya bar shi ya zuba, ya tari ruwa a kwalba, ya girgiza, ya zubar, ya sake, ya sake, sannan ya cika ya rufe. Har yadda yake maƙale murfin da ɗan ƙaramin yatsa na kwaikwaya. Rannan ya kalli hannuna ya ɗan gyaɗa kai. Wallahi ranar har na dawo ɗaki ina jin daɗi.

Mu biyu ne ɗalibai. Ɗayan wani ne daga wata kwalejin, an sa masa suna Rediyo, don tun da ya shigo bakinsa bai huta ba. Wannan mene ne, wancan don me, idan aka yi kaza me zai faru. Ni kunya ma yake ba ni. Amma abin mamaki, Madam dariya take yi da shi, har shayi suke sha tare. Ni kuwa rannan ta tsaya a kaina ta ce, "Ke ba ki da tambaya ne?" Na ce babu. Ta daɗe tana kallona, sannan ta wuce. Ban gane kallon ba.

To ga labari mai daɗi. Dogo ya tafi hutu, sai ga ƙorafi daga unguwar da ke bayan kasuwar katako, wai yara suna ta ciwon ciki, suna zargin ruwan famfo. Madam ta dube mu, ta ce ni zan je, tunda ni na fi bin Dogo. Ta ba ni mota da direba da kula cike da kwalabe, amma waɗannan masu shuɗin murfi ne, na gwajin ƙwayoyin cuta. Ta ce, "Kin san yadda ake yi ko?" Na ce to.

Da na buɗe ta farko a bakin famfo sai na ga wani farin gari a gindinta. Na duba sauran, duk haka suke. Na ce a raina lallai mai wankin kwalabe ya yi sakaci, amma ba ni zan kai ƙarar bawan Allah a kore shi ba. Na ɗauraye kowace tas, yadda Dogo ke yi, har ma na ƙara, sai da suka yi ƙal. Aka yi gwaji, sakamako ya fito, ruwan lafiya lau, babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Madam ta sa hannu aka aika wa mutanen unguwar cewa su nemi dalilin ciwon a wani wuri. Yanzu zagayen unguwar nawa ne, duk mako.

Ka ga, ban tambayi kowa ba, kuma na yi. Ina so ka sani.

A gaida Gwaggo.
'Yarka

*

Ke 'yar nan,

Sallama dai. Gwaggonki ce. Na ga ambulan zai tafi da fili a ciki, na ce bari in cusa tawa. Idan kin ga rubutun kamar kaza ta yi tono, ki yi haƙuri, rabona da biro tun kina goye. Duk sanda na kira ki a waya ba abin da nake ji sai "lafiya lau, Gwaggo". Lafiya lau ɗin me? Muryarki kamar ta wadda aka manta a tasha. To bari in gwada ki a takarda, tunda na ga a nan bakinki ke buɗewa.

Ubanki ya ce miki ƙalau yake ko? To ƙarya yake yi, ƙanena ne, ni na goya shi, ina da ikon faɗa. Shekaranjiya wani mutum ya kawo agogo, fatar hannun ce kawai ta tsinke, ya ce a canza masa. Ubanki ya kalli bakinsa ya gyaɗa kai ya ce to. Mutum ya dawo da yamma ya tarar an farke masa agogo gaba ɗaya, 'yan hanjinsa a jere a kan farin ƙyalle, fata kuwa tana nan a tsinke. Da ba don na zo kawo abinci ba, da ban san inda rigimar za ta tsaya ba. Na daka wa ubanki tsawa a kunne na ce, kai wai me zai ci ka idan ka ce "ban ji ba, sake faɗa"? Ya yi mini wannan murmushin nasa ya ce to. To ɗin ma bai ji abin da na ce ba!

Yanzu ko ƙarar agogo ba ya ji. Sai ya ɗora shi a kan haƙoransa na gaba, ya rufe ido, wai ta nan yake jin bugunsa. Ranar da na fara gani na yi dariya, da na koma gida kuma na yi kuka. Kujerarki tana nan a gefen tebur, bai bari kowa ya zauna ba. Ni kaina da na ja ta, sai ya miƙo mini benci.

Ya ba ni takardarki na karanta, yana ta washe baki wai 'yarsa ta yi aiki ba ta tambayi kowa ba. Oho dai. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ku biyun nan tsoro kuke ba ni. Mutum ya ce to, ya ce to, har a kai shi inda bai nufa ba. Ke da Allah ya ba kunne biyu lafiyayyu, me ya hana ki buɗe baki?

Ki rubuto mini gaskiya. Kina cin abinci? Kina da wanda kike hira da shi?

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki da kyau. Na yi dariyar labarin fatar agogo har mai gidan da nake haya ta leƙo, don ba ta taɓa jin sautina ba. Daga baya dariyar ta koma wani abu.

Tunda gaskiya kike so, ga ta. Ba ni da kowa a nan. Da rana idan aka tashi cin abinci, su Madam da Rediyo suna haɗuwa a ɗakin shayi, ni kuma in ɗauki ledata in zagaya baya, in zauna a matakalar da ke kusa da tankuna. Ba wanda ya kore ni. Ban dai san yadda ake shiga cikin mutane ana tsakiyar hira ba. Rannan da yamma na tsaya sayen burodi, na buɗe baki sai murya ta ƙi fita, sai da na yi gyaran murya. A nan na tuna tun safe ban yi magana da kowa ba, ban da "to" guda biyu. Ranar da babu aiki ta fi muni. Ina wanke kayan da ba su yi datti ba don dai rana ta matsa.

Kina ganin laifin Baba, ni kuwa tausayinsa nake ji. Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ranar da Inna za ta rasu, kin fita kiran nas, daga ni sai shi a ɗakin. Ta kama hannunsa, muryarta ta yi ƙasa sosai, ta ce, "Malam, na san yarinyar nan ita ce kunnenka. Amma ranar da hanya ta buɗe mata, kada ka riƙe ta." Ya gyaɗa kai ya ce to. Shi ya sa da takardar horon nan ta zo ya ɗauko akwatin Inna da kansa ya kakkaɓe mini. Alkawari yake cikawa, Gwaggo, kuma na san abin da yake ci masa. To ta yaya zan zo nan in yi watsi da abu ɗaya da ya ba ni in taho da shi?

Amma maganarki ta tsaya mini a rai. Akwai wani abu a wurin aiki da yake ɗan damuna, ban san ko komai ba ne. Kada ki nuna wa Baba wannan.

'Yarki

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Wannan takardar ba mai daɗi ba ce, ka zauna kafin ka karanta.

Na koma unguwar bayan kasuwar katako ɗebo ruwa. Ina tsugune a bakin famfo ina ɗauraye kwalba, sai wata mata ta tsaya a kaina da yarinya a kafaɗa, yarinyar ta yi laushi, ido ya faɗa. Ta ce, "Ku ne kuka ce ruwan nan lafiya lau?" Na ce mu ne. Ta ce, "To ga lafiya lau ɗin, wannan ce ta biyu a ɗakina." Ba ta zage ni ba. Ta tari ruwanta a wannan famfon dai, don ba ta da wani, ta tafi.

A mota na ɗauko kwalba ɗaya da ban buɗe ba, ina ta juya ta. Murfin a liƙe yake da takarda, ba a taɓa buɗewa ba, ga kuma garin a ciki. Na ce a raina, wane irin sakaci ne wannan da yake zuba gari daidai wa daida a kowace kwalba?

Da muka iso ban ajiye kula ba, na wuce ofishin Madam. Na tsaya a bakin ƙofa har ta ɗago. Na ce, "Madam, ina da tambaya." Ta ce, "Ikon Allah! Yau kuma? Bismillah." Na miƙa mata kwalbar na ce, "Wannan farin garin mene ne?"

Ta ce ai shi ne zuciyar gwajin. Ruwan famfo yana zuwa da ɗan kulorin, maganin da ake sa masa don kashe ƙwayoyin cuta. Idan aka ɗebo ruwa aka rufe, kulorin ɗin zai ci gaba da kashe su a cikin kwalba kafin a iso ɗakin gwaji, sai a ga ruwa tas alhali a bakin famfo ba haka yake ba. Garin nan shi ke tsayar da kulorin. Kwalaben ma an dafa su an liƙe, ba a ɗauraye su sam. Masu farin murfin da Dogo ke ɗaurayewa na wani gwajin ne daban. Tana cikin bayani sai ta tsaya. Ta ce, "Me kike yi da shi?" Na ce, "Wanke shi nake yi."

Ta cire tabarau ta ajiye. Da ma ta yi mini ihu, da ya fi mini sauƙi. Ta kira direba, muka koma unguwar tare, ta ɗebi ruwan da hannunta ina kallo. Da sakamako ya fito, 'yan farantan gwajin sun cika da ƙwayoyin cuta, har Rediyo ya yi shiru. An bi layi an gano bututu ya fashe a gefen kwata, ƙazanta tana shiga. An rufe famfunan, ana kai musu ruwa a tanka. Duk makonnin nan yaran suna shan wannan ruwan da takardar da ta ce lafiya lau, kuma ni na ɗebo.

Abin da ya fi ƙona mini rai, na san sunan garin nan. Na rubuta shi a jarrabawa, na ci. A allo kawai na san shi, ban taɓa ganin kamanninsa ba.

Madam ta cire ni daga zagaye. Ta ce, "Kuskuren bai ba ni tsoro ba kamar to ɗin da kika ce mini. Ni ma da laifina da na karɓe shi." Ba ta ce za ta sa hannu ba, ba ta ce ba za ta sa ba.

Baba, zan faɗa maka gaskiya, na ji haushinka. Na kalli hannu kamar yadda ka ce, na wanke abin da na ga ya yi datti, na ce to. Na san don kana ƙaunata ka faɗa. Amma na dawo ɗaki na cire agogonka daga ƙusa na sa shi a akwati, don ba na son jin sa. Ka yafe mini.

'Yarka

*

Ke 'yar nan,

Direba ya zo sau biyu ya koma hannu wofi, na san kina can kina zuba ido, shi ya sa na ce bari in rubuto ko kaɗan. Ubanki lafiyarsa ƙalau, kada ki tayar da hankalinki. Takardar taki tana aljihun rigarsa, ta yi laushi don buɗewa da ninkewa. Ranar da ta zo bai buɗe shago ba. Na ce ka ba yarinya amsa mana, ya ɗauki biro ya zauna, ya ajiye. Ban taɓa ganin ya rasa to ba sai wannan karon.

Ke kuma ki daina cin abinci a bayan tanki kamar wadda ta yi sata. Kin yi kuskure, kin kuma yi tambayar da ta tsayar da shi. Ki shiga ɗakin shayin nan ki ja kujera. Idan sun cinye ki, ki aiko a gaya mini.

Gwaggonki

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma neman afuwa idan takardata ta baya ta yi maka zafi. Shirunka ya fi komai tsawo a garin nan. Agogon na mayar da shi ƙusarsa tun washegari, ɗakin ya yi mini shiru da yawa.

Bari in ba ka labarin abin da ya biyo baya. Madam ta kafa mini doka, kullum da safe kafin in sa farar riga sai na kawo mata tambaya. Ranakun farko kamar ana cire mini haƙori. Daga baya sai na ga ashe tambayoyin suna nan jibge a cikina tun zuwana, ban dai ba su ƙofa ba. Da Dogo ya dawo na tambaye shi dalilin maƙale murfi da ƙaramin yatsa, ya ce don kada a ajiye shi a ƙasa ya kwashi datti. Na ce to dukan da kake yi wa injin auna gurɓatar ruwa a gefe kafin ka kunna fa? Ya ce, "Wallahi ban sani ba, wanda ya koya mini haka yake yi." Muka yi ta dariya. Ashe mutumin yana da hira, shi ma ya ɗauka ni ce ba na son magana.

Hannun da ka koya mini bai tafi a banza ba. Madam ta ce ba ta taɓa samun ɗalibin da yake zuba ruwa a farantin gwaji hannunsa bai girgiza ba sai ni. Na ce mata a teburin mai gyaran agogo na tashi.

Na tambaye ta ko za a bar ni in koma unguwar bayan an gyara bututun. Ta bar ni. Na ɗebi ruwan da garinsa a ciki, ya fito lafiya, lafiyar gaske wannan karon. Na nemi matar nan har ƙofar gidanta na gaya mata abin da na yi. Yarinyar ta warke, tana wasa a tsakar gida. Matar ta saurare ni har na gama, ta ce Allah ya kyauta gaba, ta koma ciki. Ban ga laifinta ba.

Jiya Madam ta sa hannu. Ta kuma ce wani abin. Tana so in yi binciken shekarata ta ƙarshe a nan ɗakin gwajin, ta riga ta yi magana da kwaleji sun yarda, idan na gama kuma akwai gurbi. Ma'ana ba zan dawo gida ƙarshen hutun nan ba sai dai ziyara, wataƙila kuma shi ke nan.

Ina son aikin, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Har yanzu ɗakin nan bango yake kallo, har yanzu idan na rufe ƙofa ni kaɗai ce, amma ina son aikin. Sai dai duk sanda na tuna ka kai kaɗai a shago kana kallon bakin mutane, sai in ji ba zan iya ba. Ban ce wa Madam to ba. Na ce sai na tambayi mahaifina.

Na san abin da Inna ta roƙe ka a asibiti ranar nan, na kuma ji ka amsa mata. Amma ba na so ka sake ni don cika alkawari kawai. Ka ajiye alkawarin a gefe ka gaya mini abin da ke ranka. Idan ka ce in dawo, wallahi zan dawo in zauna a kujerata, ba kuma zan riƙe ka a zuciya ba.

Ina jiran direba.
'Yarka

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardunki biyu suna hannuna. Ta farko na rasa amsarta. Agogo idan ka buɗe bayansa komai a fili yake. Ban san akwai aikin da ido ba ya isa ba, na ba ki abin da nake da shi.

Ki karɓi aikin. Wannan daga raina ne, ba wanda ya sa ni. Kada ki damu da shago. Na sayi ɗan allo da alli na ajiye a kan kujerarki, duk wanda ya kawo agogo yana rubuta mini abin da ke damunsa. Gwaggonki ta ce da na yi haka tun tuni.

Ni ma ina da tambaya. Kin yi maganar alkawari. Ranar nan a asibiti na ga bakin mahaifiyarki yana motsi, na ji ta matse hannuna, na ce to. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Tun daga ranar nake so in tambaye ki. Ke kina tsaye a gefen gadon.

Me ta ce?

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki